Fuskar Nedyalko a Bango Sittin da Uku

Ranar da labarin ya iso mini, kwana goma sha bakwai ke nan da binne mijina Nedyalko. Ina zaune a tsakar gida ina tsince wake a faranti, sai ga maƙwabciyata Zlatka ta banko ƙofa, ƙafa ɗaya da silifa, ɗaya da safa kawai.

"Velika! Ke Velika! Ajiye waken nan. Mijinki yana tashar bas."

Na ce, "Zlatka, tun da safiyar nan har kin taɓa kwalbar?"

"Ko ɗigo ban sha ba. Yana can, kuma dariya yake yi."

"To ba shi ba ne. Shekara arba'in da ɗaya ina zaune da mutumin nan. Sau nawa kika ga haƙoransa?"

"Ai abin da ya sa na rugo ke nan. Duk suna waje, har na robar."

Na ɗaura baƙin kallabina na bi ta. Kuma ga shi nan kuwa. Takarda ce mai girman ƙofar ɗaki, an manna a jikin rumfar tasha. Nedyalko ne cikin shuɗiyar kwat ɗinsa ta bikin 'yarmu, ya ɗaga babban yatsa, ya washe baki kamar wanda aka yi wa cakulkuli. A ƙasa an rubuta da jan rubutu: "Kawu Nedyalko mai awo ya ce: Na ninka fanshona sau uku da Kibiyar Zinariya. Kai me kake jira?" Sai lambar waya, da ranar da za a yi taro a otal.

Masu karatu, wannan abu ya faru shekara biyu da suka wuce. Aji bakwai na yi a makaranta, kuma ba na ajiye takardu, daga kaina nake rubutowa. Editan jaridar nan ya ce in rubuta yadda nake magana, shi zai zuba waƙafi da aya. In kun ga sun yi yawa, nasa ne.

Ku manya kun san abin da ya tsinka mini zuciya a tashar nan, ba sai na faɗa ba. Amma tunda rabin yaranmu a Sifen da Jamus suka girma, bari in faɗa saboda su. Mamaci ba ya tafiya ranar da aka binne shi. Kwana arba'in yake yi yana zagaya duk inda ƙafarsa ta taɓa takawa, yana sallama. A kwanakin nan ba a barinsa ya ga fuskarsa, don in ya gani sai ya ɗauka har yanzu ɗan nan ne, ya ɓata hanya. Shi ya sa ake lulluɓe madubi. Shi ya sa takardar rasuwar da muke mannawa a ƙofar gida da turakun lantarki da ƙofar coci take fitowa da baƙin layi da gicciye da suna kawai. Hoto sai ranar arba'in.

Fadan cocinmu ya ce mini wannan ba ya cikin Littafi. Na ce, "Fada, zanen gadon da ka rufe madubinka da shi lokacin da mahaifiyarka ta rasu, a wace sura yake?" Ya ce in gaida gida.

Ni na rufe madubin ɗaki, na rufe talabijin, har butar shayi mai ƙyalli na cusa a kabad. Ashe wani ya ɗauki fuskar mijina ya baza a gari. Zlatka ta hau keke ta ƙirgo. Sittin da uku. Tasha, bakin kasuwa, bangon asibiti, har da katangar gidan awon da ya yi wa aiki shekara talatin da takwas, inda na tabbata can zai fara zuwa sallama.

Yanzu bari in gaya muku yadda aka yi har Nedyalko ya yi dariya a gaban mai hoto.

Cikin sanyin Janairu na shekarar, wani ya zo daga Sofiya ya kama zauren otal. Farfesa Maks yake kiran kansa. Farfesan me, ba a faɗa ba. An rarraba takarda cewa za a koya wa mutane yadda ake cin kasuwar duniya daga kan kujera, kuma akwai gasasshen nama kyauta. Nedyalko ya ce zauren otal akwai ɗumi, ga nama, shi zai je ya ci ya dawo. Ya dawo da laima mai tambari, aljihunsa ya ragu da leva ɗari huɗu.

Na ce, "Nedyalko, laimar ce ɗari huɗu?"

Ya ce, "Velika, mutumin nan yana da zane-zane. Layi-layi, da lambobi a gefe."

Nan ne raunin mijina. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a gaban sikeli, yana auna alkama da tattasai da inabin mutane. In ka zo masa da daɗin baki, ko kallonka ba zai yi ba. Amma nuna masa lamba a kan layi, sai ya cire hula.

Abin da ya saya wata 'yar kibiya ce a cikin waya. In ta yi kore ta kalli sama, ka saya. In ta yi ja ta kalli ƙasa, ka sayar. Me kake saya? Kuɗin Japan, da zinariyar da ba za ka taɓa gani ba, da man da ba za ka taɓa jin warinsa ba. Ya zuba abin da ya zuba, cikin mako uku ya narke kamar man shanu a kasko. Ya buga waya, aka ce masa kibiya ba ta kuskure, shi ne ba shi da natsuwa, amma in ya ƙara ɗari shida za a ɗaga shi zuwa matakin manya, inda kibiyar ta fi kaifi.

To shi mai awo ne, sai ya auna. Ya ɗauko kwano biyu, ya shafa wa ɗaya koren fenti, ɗaya ja. Kullum da safe ya zuba masara a duka biyun ya saki kazarmu mai suna Kontesa. In ta fara da koren kwano, saya ke nan. In ta fara da ja, sayar. Wata guda yana gwada ta da kibiyar. Kontesa ta dace sau goma sha shida, Farfesa sau goma sha uku.

"Kuma ita tana ƙwai," in ji Nedyalko, ya kashe wayar ya jefa a durowa.

Bai faɗa wa kowa ba sai ni, don kunya. Mutumin da duk garin nan ake cewa a kira shi in ana gardamar nauyi, a ji an auna shi da laima? A watan Afrilu yana ɗaure reshen inabi zuciyarsa ta tsaya. Ba kibiyar ce ta kashe shi ba, ba zan yi wa kowa ƙarya ba. Dariyar hoton kuwa, shi da kansa ya gaya mini dalili: a taron otal ɗin, daidai lokacin da mai ɗaukar hoto ya saita shi aka sanar za a ƙaro nama.

A tashar nan na sa farce zan ɓare takardar. Irin gam ɗin da suka sa, ko bangon za ka cire ba za ka raba su ba. Ina cikin kokawa sai wani mai hular aiki ya matso ya nuna mini wani ɗan shuɗin hatimi a kusurwa, ya ce in na yaga akwai tara. Don haka na sa takalmin zuwa coci na nufi wajen manya.

Na fara da Mai Girma Shugaban Bangaye da Turakun Lantarki, Allah ya ƙara masa bango. Ofishinsa akwai akwatin gilashi da kifaye a ciki, kuma na lura ya fi sauraron su. Ya ce an biya kuɗin bango na kwana arba'in da biyar, shi da hannunsa ya buga hatimi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, to da hannun naka ka soke."

Ya ce, "Gwaggo, in na soke hatimin da na buga yau, gobe wa zai ji tsoron hatimi? Hau sama."

A sama akwai Hajjaju, a'a, bari in ba ta sarautarta daidai: Uwar Ɗakin Masu Koke. Tagarta tana buɗewa ƙarfe goma, tana rufewa goma da minti arba'in, saboda aikin yana da gajiya. Na bayyana mata komai.

Ta ce, "Wanda yake cikin hoton ne zai kawo ƙara da kansa."

"Ya rasu, ranki ya daɗe."

"To ya aiko da takardar wakilci, da sa hannunsa."

"Na ce miki ya rasu."

Ta dube ni ta saman tabarau kamar ni na shirya hakan don in ɓata mata safiya. "To kawo shaidar mutuwa."

Washegari na kawo. Ta karanta, ta juya, ta ɗaga ta a haske. "Madalla," ta ce. "Tunda mai ƙara ya rasu, an rufe ƙara." Ta buga hatimi biyu. Dole in yaba mata. Ban taɓa ganin an gama shari'a a garin nan da irin wannan sauri ba.

Saura Kwamitin Kare Talaka Daga Masu Damfara, wanda ku da ni muka gina wa sabon hawa da harajinmu. Ku je ku gani, wurin ya yi kyau. Kujerun fata, furanni, da injin kofi mai maɓalli goma sha ɗaya. A bakin ƙofa kwalaye ne jibge har rufi, cike da takardun gargaɗi dubu ashirin masu cewa "Ku Yi Hattara". Ba a buɗe su ba, don kuɗin bugawa ya fito, na rabawa bai fito ba.

Mai Girma Shugaban Kwamiti ya saurare ni da kyau, yana girgiza kai, yana cewa abin takaici, abin takaici. Sai wayarsa da ke kan tebur ta yi ƙara. Na san ƙarar nan. Wata guda na yi ina jin ta a kicin ɗina. Na leƙa, ga koriyar kibiya tana kallon sama. Ya kife wayar, ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya rage murya.

"Gwaggo, tsakanina da ke. Da gaske ya ninka sau uku?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kazarmu ma ta fi kibiyar nan dacewa."

Ya matso da kujerarsa ya ce, "Kazar tana raye?"

Kwana ashirin da huɗu ke nan. Kuma abin da ya fi ci mini rai, maza sun fara tsayawa gaban takardar suna kwafar lambar waya. Na ji wani mai gyaran taya yana ce wa abokinsa, "In dai Nedyalko ya yarda, to an auna." Wasunsu sun zo jana'izar, sun ci alkamar sadakarsa, amma da suka ga lamba sai suka ce ai kafin ya rasu ya ninka, shi ya sa ma akwatin gawar ya yi kyau. 'Yarmu ce ta aiko da kuɗin akwatin daga Valensiya ta ƙasar Sifen, inda take wanke tsofaffin mutane.

Sai na tafi wajen Farfesan da kansa. Na same shi a farfajiyar otal yana shan lemo, takalmi babu safa, agogon hannunsa kamar murfin tukunya. Bai wuce sa'an 'yata ba. Da na faɗi sunana ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu.

"Gwaggo! Kawu Nedyalko ɗan gidanmu ne. Mun yi babban rashi."

"Ɗana, cire mini shi daga bango. Kwana goma sha shida kawai. Bayan arba'in ka dawo mu yi faɗa."

Ya zaro takarda ya nuna mini sa hannun Nedyalko a ƙasan wani ƙaramin rubutu kamar ƙwan kwarkwata. Takardar ta karɓar laima ce, amma a ciki har da izinin amfani da fuskarsa. Ya ce taron nan da kwana goma ne, an riga an kashe kuɗi.

Na ce, "Me ya sa sai shi? Ba ka da kawu a gidanku?"

Nan kam ya faɗi gaskiya, ita kaɗai na ji daga bakinsa. Ya ce, "Gwaggo, duk wanda na tambaya a garin nan ya ce mijinki bai taɓa cin giram ɗin kowa ba. Irin wannan fuskar ba a samunta da kuɗi."

"To tambaya ɗaya. Kibiyar nan ta san gobe?"

"Kashi casa'in da biyu cikin ɗari."

"Mijina ya san inda kifi yake taruwa a kogin nan. Shekara talatin, ko ƙaninsa bai faɗa wa ba. Kai ka san inda kuɗin duniya yake taruwa, kana zagaya ƙauyuka kana faɗa wa tsofaffi a kan ɗari huɗu, har da nama?"

Ya ce shi ya wuce neman kuɗi, al'umma yake yi wa hidima. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini zane. Wannan tudun, in ji shi, ana ce masa kai da kafaɗu. Wannan kwarin, kofi mai mariƙi. Duk wanda ya ga kofin nan a watan jiya ya san farashi zai tashi.

Na ce, "Na watan jiya ni ma na sani. Nuna mini na wata mai zuwa."

Ya ce wannan sai 'yan matakin manya.

"Zlatka ma in tana yi wa mutane duba tana ganin kai da kafaɗu a gindin kofi. Amma ita sai ta ba ka kofin ka sha tukuna, kuma ba ta karɓar ko leva ɗaya."

Ya yi dariya ya ce ina da basira irin ta 'yan kasuwa, kuma saboda halin da nake ciki zai yi mini ragin zawarawa, rabin kuɗi.

Daga nan na wuce shagon Tsanko mai ɗab'i, wanda yake buga mana katin biki da takardar rasuwa, don in ba da aikin ta arba'in. Ban shiga ba na tsaya a gaban turken lantarkin ƙofarsa, don a nan ma akwai Nedyalko. Ina kallonsa ina hawaye, sai na ga takardar a karkace take. Na duba dalili. A gefenta akwai wata tsohuwar takardar rasuwa ta wani maƙeri da ya mutu shekara uku da suka wuce, ta yi rawaya, ruwa ya cinye rabin sunan. Dimcho, wanda aka ba aikin mannawa, ya gwammace ya karkata tallar Farfesa da ya hau kan maƙerin.

To ai haka ne. A garin nan ana yaga hoton ɗan takara, ana yaga sanarwar kotu, ana yi wa tallar sabulu gashin baki. Amma takardar mamaci rana da ruwa ne kawai suke cire ta.

Na shiga na ce, "Tsanko, irin ta farko nake so, marar hoto. Sittin da uku. A'a, sa saba'in. Kuma ka ƙara mata girma, ta kai faɗin fuskar mutum mai dariya."

Ya sauke tabarau. "Velika, wanda ya yi mulkin garin nan sau uku ma ashirin aka buga masa."

"Shi ai an gaji da ganin sunansa."

Washegari da hantsi muka fito mu shida, duk zawarawa, duk cikin baƙi. Bokitin ƙullun fulawa, burushin farar ƙasa, da tsanin Nedyalko na inabi. Zlatka ce mai riƙe tsani, kuma ba ta rufe baki ba tun daga tasha har asibiti.

"Hagu kaɗan, kunnensa yana waje. Ke, kunnen ma gane shi zai yi, wa yake da irinsa?"

"Riƙe tsanin, ki bar mini kunnen mijina."

"Yana raye ma ban so shi ba, sai yanzu?"

Hatimin ban taɓa shi ba, tallar ban yaga ba. Fuskar kawai na rufe. Kafin la'asar duk garin ya cika da wani mutum cikin shuɗiyar kwat, ya ɗaga babban yatsa, a wurin kansa baƙin layi da gicciye da ranar rasuwa, a ƙasa kuma yana tambayarka me kake jira. Mai gyaran tayan nan ya tsaya ya karanta daga sama har ƙasa, ya cire hula, ya goge lambar daga wayarsa.

Farfesa ya kira Dimcho ya ce ya je ya ɓare su duka, zai ninka masa lada. Dimcho ya ce, "Yallaɓai, ni ba na son ninki. Hannuna nake so." Aka nemi wani, aka rasa. Har mai hular aikin nan da ya tsorata ni da tara, da aka kai masa ƙara ya ce shi bango aka ba shi tsaro, ba lahira ba.

Da a ce Farfesa yana da kaka a raye, da ta ja masa kunne. Ba shi da ita, ko kuma bai tambaye ta ba. Ranar Asabar, kasuwa ta cika, ya zo bakin ƙofar kasuwar da kansa, ya sa yatsa a kusurwar takardar mijina ya ja. Kyaaat.

Ban taɓa jin kasuwarmu ta yi shiru haka ba. Mai cuku ya tsaya da wuƙa a sama. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya zage shi. Tsohuwa Stoyna mai sayar da tafarnuwa, wadda ta haura casa'in, ta yi alamar gicciye ta tofa sau uku a gefen takalminsa. Shi kuwa yana tsaye da rabin sunan mijina a hannu, yana murmushi yana waige-waige, yana jiran wani ya taya shi.

Ina da ragowar bakwai a jaka, Zlatka tana da ƙullu a kwalba. Na ratsa mutane na je na tsaya kusa da shi. Ban kalli fuskar da ta buɗe ba, don kar Nedyalko ya bi idona. Na ce, "Matsa, ɗana, kar ƙullun ya zubo maka a ƙafa, ga shi ba ka da safa." Na shafa na manna.

Ranar taro kujeru hamsin da huɗu aka jera a zauren. Tun kafin lokaci mata masu baƙin kaya suka cika hamsin da uku. Ni ban gayyaci kowa ba, Stoyna ce ta aika. Muka cinye naman tas, muka karɓi laima. Farfesa ya kunna zanensa ya fara. Duk sanda ya ce kibiya, sai zauren ya amsa baki ɗaya, "Allah ya gafarta masa." Ya ce kasuwar Japan, "Allah ya gafarta masa." Bai kai ga kofi mai mariƙi ba ya naɗe wayoyinsa. Kujera ta hamsin da huɗu kuwa, can baya, wani ne ya ja hula har hanci. Daga baya aka ce mana Mai Girma Shugaban Kwamiti ne, ya zo binciken sirri.

Binciken ya yi albarka. Bayan mako guda Kwamiti ya kira taro ya sanar cewa saboda jajircewarsa an kori masu damfara daga garinmu. An yanka ƙyalle, an buɗe allon tagulla, an sha kofi daga duk maɓalli goma sha ɗayan. Kwalayen gargaɗin ma an matsar da su zuwa ɗaya bangon don kar su fito a hoto. A makon nan kuma wasiƙa ta zo gidana daga ofishin bangaye: tara, saboda manna takardu sittin da uku ba hatimi. Da sunan Nedyalko ta zo, don sunansa ne a jikin takardun. Na mayar musu na ce ba ya nan, amma in ya shigo zan faɗa masa.

Farfesa bai mutu ba, bai talauce ba. Na ji yana wani gari a arewa, sunansa yanzu Dokta, kibiyar ta zama mutum-mutumi mai tunani, kuma fuskar wata malamar makaranta mai ritaya ce a bango. Zai zo muku, ko ƙaninsa ya zo, da sabon suna da sabon zane. Ku je ku ci naman, ba na hana ku. Amma kafin ku sa hannu a takardar laima, ku tambaye shi me ya sa yake sayar da wurin kifinsa.

Ranar arba'in ta zo ba tare da fuskar ta sake buɗewa ko sau ɗaya ba. Kullum sai na zagaya na duba. Muka je kabari da dafaffiyar alkama da burodi, Fada ya yi addu'a, na zuba ruwan inabi a kan ƙasar. Na dawo gida na yaye zanen madubi, na ga wata tsohuwa da ban sani ba tana kallona. Nan ne na yi kukan da ban samu sukunin yi ba saboda hawa tsani.

Ko ya gane hanya? Ban sani ba. Amma bai zo mini a mafarki da ƙorafi ba, kuma Nedyalko in akwai abin ƙorafi ba ya aike.

Takardar arba'in ɗin, Tsanko ya ce in kawo hoto mai fara'a. Na kai masa na katin shaida, inda ya haɗe gira kamar an kawo masa buhu mai dutse a ciki. Wannan ne mijina. Tana ƙofar gidana cikin leda, kuma duk wa'adi ina sabunta ta da hoton nan dai. Motoci suna tayar da ƙura a layinmu, don kwaltar da aka yi mana alkawari tana nan tafe tun ina amarya. Saboda haka kullum da safe, kafin in ɗauki tsintsiya, sai in kama gefen rigata in goge masa fuska, goshi da hanci da haɓa. Yana raye bai taɓa yarda na goge masa fuska a bakin titi ba, ko da miya ce a gemunsa. Yanzu sai dai ya harare ni.